Bello da Abdussalami: idan mai nasara ne ya ba da labari

A littattafanmu, in shugaba ya yi kisa sai mu ce dole ce ta sa shi, mu wuce. Tarihin Sakkwato yana da misalin da ya fi wannan wuya.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a watan Afrilu 1817, aka binne shi a gidansa, inda ake kira Hubbare a yau. Ba a daɗe da yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a ba sai tawaye ya ɓarke, har da wanda ya taso daga Kware, arewa kaɗan da birnin. Jagoransa Abdussalami ne, malami Ba'are, almajirin Shehu. Jama'arsa ce mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa suka kai wa hari a Gimbana, kuma ƙwato fursunoninsu a kusa da Degel yana cikin abubuwan da suka jawo hijira zuwa Gudu a 1804. Da shi aka fara tafiyar tun daga tushe.

Kukansa shi ne an raba ƙasa tsakanin manyan jama'a, shi kuwa rabonsa bai kai wahalarsa ba, kuma wasu masu iko sun fara zaluntar talakawa. Bello ya ce Abdussalami yana jiɓintar abokan gaba, yana ba su mafaka, hukuncin wannan kuwa a wurinsa ridda ne. An yi ta musayar wasiƙu, ba a daidaita ba. A farkon 1818 aka ci Kware, Abdussalami ya tsere da rauni, ya rasu a Bakura.

Shin Bello yana da hujja? A ganina ta fuskar mulki yana da ita. Daular ba ta kai shekara 15 ba, Gobirawa da Kabawa ba su ajiye makamai ba, ga tawaye a bakin ƙofa. Amma hujjar mulki ba ta amsa kukan rabon ƙasa ba, balle na zalunci. Abdullahin Gwandu ma, ƙanen Shehu, ya riga ya yi irin wannan ƙorafi a kan son duniya da ya shiga jama'a, har ya bar rundunar ya nufi Kano.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne littafin da Bello ya rubuta don kare matakinsa, Sard al-Kalam. Ya sa wasiƙun Abdussalami a ciki, har da zanen da ya yi na yadda aka raba ƙasa, yana tambayar ina nasa. Marubucin yau da yake son wanke gwarzonsa yakan mai da abokin hamayya mashayi ko maci amana, don jininsa ya zuba a banza. Bello kuwa ya bar muryar mutumin da ya yaƙa a takarda, kuma yawancin abin da muka sani na hujjar Abdussalami daga alƙalamin Bello ya fito.