Riƙon yaro mai naƙasa: ƙidayar 'ya'ya ko auna iko?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, ya 'yan'uwa da ɗalibai, shin gidan da ya cika da 'ya'ya zai iya ƙarawa da riƙon maraya gurgu ko makaho? Mu duba tarihi.

A Jahiliyya mutum kan mai da ɗan wani nasa, har su gaji juna. Zaidu ɗan Harisa, Allah Ya yarda da shi, ɗan Muhammadu ake ce masa, sai Suratul Ahzab ta hana. Nasaba ta koma ga uba, riƙo kuwa ya tsaya, shi ne kafala. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya hukunta tsintaccen yaro ɗa ne, ba bawa ba, cinsa da shansa na kan baitulmali. Shehu Halil a Muhtasar ya shar'anta wa mai reno hankali, iko, amana, wuri mai tsaro da kuɓuta daga cuta mai cutarwa. Bai sa yawan 'ya'ya cikin sharuɗɗan ba.

Gwamnatocin zamani ne suka zo da ƙidaya. Dokar ƙasar Sin da ta fara aiki a 1992 ta ce marar ɗa kaɗai zai ɗauki yaro, kuma guda ɗaya tak. Amma ko ita ta ɗage wannan iyaka ga mai ɗaukar maraya ko naƙasasshe.

A nan Sudan, an buɗe gidan Maigoma a Hartum a 1961 don jariran da aka yar. A 2006 majalisar fatawa ta ce hukuncinsu hukuncin marayu ne. Da yaƙi ya ɓarke, aka kwashe kimanin yara 300 zuwa Wad Madani a Yunin 2023, daga baya zuwa Kasala, cikinsu har da masu naƙasa.

To, mu mutanen Suki, riƙo ba baƙonmu ba ne. Kakanninmu da suka yo hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 da shi suka zo. Kada mai 'ya'ya goma ya fake da yawansu, kada kuma neman lada ya sa mutum ɗaukar abin da ba zai iya ba. A tambaya: uwargida ta yarda? Akwai mai zama da yaron dare da rana? Akwai kuɗin kai shi asibiti Sinja ko Sinnar? In kuɗi ne ya gaza, asusun masallaci ya tsaya a madadin baitulmali, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya sa mu dace.