Neman Haihuwa Jiya da Yau: Tarihin Dashen Ƙwan Haihuwa da Matsayinsa a Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Gagarawa Tasha ta samo sunanta ne daga tashar jirgin ƙasa da ke kan hanyar dogo wadda ta tashi daga Kano, ta bi ta Ringim da Malam Madori, ta kai Nguru cikin 1930. Ta wannan hanya gyaɗa ta riƙa fita, baƙin abubuwa kuma suka riƙa shigowa ƙasar Gumel, watau yankin da a yau ya ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a Jihar Jigawa. Akwai kuwa wani baƙon ilmi wanda labarinsa ya riga shi isowa wannan yanki, shi ne dashen ƙwan haihuwa, wanda jama'a ke kiran abin da aka samu ta hanyarsa ɗan kwalba. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi tarihinsa, a kuma nuna cewa al'ada ta daɗe tana ɗora wa mace ita kaɗai nauyin rashin haihuwa, alhali kuwa likitanci da shari'a duka sun mai da shi nauyin mutum biyu.

Rashin haihuwa a al'adar Bahaushe

Bahaushe ya ce haihuwa maganin mutuwa, domin ɗa shi ke riƙe sunan gida. Saboda haka matar da ta shekara biyu ko uku a ɗaki ba ta ko yi ɓari ba, sai a fara kiranta juya. Daga nan sai neman magani: rubutun sha da laya a wurin malami, saiwa da sassaƙe a wurin boka, wasu kuma su nufi 'yan bori. Wani lokaci har yankan gishiri akan yi mata, wanda sau da yawa yakan jawo yoyon fitsari maimakon ciki. Shi kuwa miji ba safai ake tuhumarsa ba, maganinsa ƙarin aure ne ko saki.

Amma fa al'adar ba ta rasa tausayi ba. Akwai riƙo, inda dangi kan ba wadda ba ta haihu ba ɗa ko 'ya ta rena. Alal misali, Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau cikin 1949 da 1950, aka buga shi cikin 1954, ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi, ta tsufa da mutuncinta. Sai dai riƙo yana rage kaɗaici ne, ba ya canza nasaba.

Abin da ya faru a Ingila

Cikin 1968 wani masanin halittar jiki na Jami'ar Kambirij, Robert Edwards, ya haɗa kai da wani likitan mata na garin Oldham, Patrick Steptoe. Ta ukunsu ita ce Jean Purdy, mai kula da ɗakin gwaje-gwaje. Cikin 1969 suka nuna cewa maniyyi na iya shiga ƙwan mace a waje da jikinta. Cikin 1971 hukumar binciken likitanci ta ƙasar ta hana su kuɗin aiki, suka yi ta gwaji shekara da shekaru ba nasara. Sa'an nan aka kawo musu Lesley Brown da mijinta John, waɗanda suka shekara tara suna neman haihuwa, domin hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifarta sun toshe. Ran 25 ga Yuli, 1978, aka haifi 'yarsu Louise ta hanyar fiɗa. Purdy ta rasu cikin 1985, Steptoe cikin 1988, sai Edwards kaɗai ya rayu har aka ba shi lambar yabo ta Nobel cikin 2010.

Wannan dabara ta farko mace ta fi amfana. Cikin 1992 likitoci a Burusal ta Beljiyam suka ba da labarin haihuwa ta wata sabuwar hanya, watau a ɗauki ƙwayar maniyyi guda ɗaya a tura ta cikin ƙwai da siririyar allura. Wannan ya buɗe ƙofa ga mazan da maniyyinsu ke da rauni. Binciken likitoci kuwa ya nuna cewa namiji na da hannu a kusan rabin matsalolin rashin haihuwa.

Yadda aikin yake

Akan fara da auna miji da mata duka. Bayan haka a riƙa yi wa matar allura kullum har wajen kwana 10 zuwa 12, don ƙwayaye da yawa su nuna a lokaci ɗaya, ana duba su da na'urar hoton ciki. In sun nuna, sai a zuƙo su da allura, a haɗa da maniyyin mijin a cikin ɗan faranti, ba kwalba ba kamar yadda sunan ya nuna. Bayan kwana 3 zuwa 5 a mayar da ɗan tayin cikin mahaifa, a jira kamar mako biyu kafin a gwada ko ciki ya kama. Ko a Ingila, cikin matan da ba su kai shekara 35 ba, kusan ɗaya cikin uku ne ke samun haihuwa a dashe guda, kuma rabon yana raguwa in shekaru sun ja.

Matsayin malamai

Tun cikin watan Maris na 1980 Muftin Masar, Shaihu Jadul Haƙƙi Ali Jadul Haƙƙi, ya ba da fatawa cewa aikin ya halatta muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma aurensu na nan. Aron ƙwai ko maniyyi daga wani haramun ne, domin yana cakuɗa nasaba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, cikin 1984, ta yarda a dasa ƙwan mace a mahaifar kishiyarta, amma cikin 1985 ta janye wannan izni, saboda kishiyar na iya ɗaukar nata cikin daga mijin a lokacin, a rasa sanin uwar kowane ɗa. Wannan hukunci ya shafi ƙasar Hausa ƙwarai, inda zama da kishiya ba baƙon abu ba ne. Cikin 1986 majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman, ta ƙarfafa wannan matsayi. Masar ta sami 'yar kwalbarta ta farko cikin 1987.

Shigowarsa Nijeriya

A Nijeriya, Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie su ne suka fara wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko cikin shekarun 1980, suka ba da labarin haihuwa cikin 1989. Ran 11 ga Fabrairu, 1998, aka haifi wata yarinya ta wannan hanya a asibitin Nisa Premier na Abuja, a hannun Dokta Ibrahim Wada. Daga nan cibiyoyi suka yawaita, amma mafi yawansu na 'yan kasuwa ne, a manyan birane suke, kuma kuɗin gwaji guda ya kai miliyoyin naira. Ga manomin riɗi na Gagarawa ko mafatauci dabbobi na kasuwar Maigatari, ma'anar wannan ita ce barin gida na makonni, da kuɗin masauki, wataƙila har da sayar da gona ko shanu, ba kuwa tare da tabbacin komowa da ciki ba.

Kammalawa

Cikin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da rashin haihuwa a rayuwarsa, ta kuma ɗauki shekara guda ta zaman aure ba ciki a matsayin lokacin fara bincike. Tarihin da aka bi ya bar wa ɗalibai da ma'aikatan hukuma darussa uku. Na farko, awon maniyyi ba shi da tsada, kuma shi ya kamata a fara yi kafin a kira mace juya. Na biyu, yawancin toshewar hanyoyin ƙwai a ƙasashen Afirka daga ciwon sanyi yake da cutar da kan biyo bayan haihuwa ko ɓari, waɗanda ƙaramin asibiti mai magani da ƙwararriyar ungozoma zai iya karewa. Na uku, jinkiri na rage rabo, shekarun da ake ɓatawa ana zargin juna su ne shekarun da dashe ya fi kamawa. Allah shi ke ba da haihuwa ga wanda ya so, amma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, kuma a wannan nema hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.