Dakalin Girki Da Duwatsun Kori: Yadda Ake Gina Shi A Gida

Dakalin girki shi ne teburin da ake ginawa a madafa don yanka cefane da jera tukwane a tsaye. A nan Agadez ba sai an sayo karo, wato tayil, ba. Korin Telwa da ke gangarowa daga duwatsun Abzin ta Dabaga da Azel yana barin duwatsu masu sulɓi da suka isa aikin.

Ɗibar dutse: A bari sai rani. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa kan cika kori farat ɗaya ko da ba a yi ruwa a gari ba. Ambaliyar Satumbar 2009 ta ishe mu darasi. A zaɓi masu faɗi, kamar tafin hannun yaro, a wanke su tas, don siminti ba ya kama dutse mai ƙura.

Gini: A ta da ƙafafu biyu na bulo. A shimfiɗa katako a kansu, a jera ƙarfen rodi, a zuba kankare mai kaurin santimita 7: awo 1 na siminti, 2 na yashi, 3 na tsakuwa. Tsayin duka ya kai santimita 85 zuwa 90. Bayan ya kama, a shafa kwaɓin siminti 1 da yashi 3, a dasa duwatsun kusa da juna, a danna su da katako su daidaita. A cike ramukan tsakani, a goge da jiƙaƙƙen soso.

Ban ruwa: Zafinmu na wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu. To, sai a rufe da jiƙaƙƙen buhu, ana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7, in ba haka ba ya tsage.

Hattara: Kada a hura wuta a kansa, dutsen kori mai danshi a ciki yana iya fashewa. Nama kuma a yanka shi kan katako, don tsakanin duwatsu na riƙe datti. Tsamiya da lemun tsami suna cin siminti, a goge nan take.

In gidan laka ne, musamman a tsohon gari da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, kada a manna dakalin da bango. Siminti yana tare danshi, laka ta ruɓe daga ciki. 'Yan uwa masu aiko da kuɗin aiki, ku ja kunnen magini ya bar tazara.