Iyo: Ƙofar farko ta shiga zaratan sojojin ruwa

A rundunonin soja na musamman, musamman na ruwa, iyo na daga cikin abubuwan farko da ake tace masu neman shiga da su. Matashi na iya zama gwanin gudu da ɗaga nauyi, amma ruwa ya kayar da shi cikin 'yan mintoci.

Sharaɗin shiga a Amurka

An kafa rundunar SEAL ta sojojin ruwan Amurka a 1962. Horonta na farko, wanda ake kira BUD/S, ana yin sa ne a Koronado da ke jihar Kalifoniya, kuma yana ɗaukar kusan wata shida. Kafin a karɓi mutum, dole ya yi iyo na yadi 500, wato kimanin mita 457, cikin minti 12 da daƙiƙa 30. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ake nema. Masu fatan a zaɓe su kan yi ƙoƙarin gamawa da sauri fiye da haka.

Salon iyon

Salon da aka fi koyarwa shi ne iyon gefe na yaƙi. Mai iyo yana kwanciya a gefe guda, ya ja ruwa da hannu ɗaya, ya biyo da ɗayan, ya buɗe ƙafafu ya rufe kamar almakashi, sannan ya miƙe jiki ya sulale. Hannu ba ya fitowa sama, don haka ruwa ba ya fantsama, kuma da wuya a hango shi daga nesa. Salon yana kuma adana ƙarfi a tafiya mai nisa.

Gwajin nutsuwa

A cikin horon akwai iyo na mita 50 a ƙarƙashin ruwa da numfashi ɗaya, da ƙulla igiya a ƙasan kududdufi, da iyo na mil biyu a teku da takalman iyo. Wanda ya fi tsorata ɗalibai shi ne a ɗaure musu hannu a baya, a ɗaure ƙafafu, su shiga ruwa. Ɗalibi zai nutse har ƙasa, ya tura kansa sama ya shaƙi iska, ya sake nutsewa. Tushen dabarar na wurin Fred Lanoue, malamin iyo a jami'ar Georgia Tech, wanda ya koyar da cewa huhu cike da iska yana ɗaga jiki muddin mutum bai firgita ba.

A Faransa

Faransa na horar da kwamandojin ruwanta a Lorient, sai makarantar nutso da ke Saint-Mandrier kusa da Toulon, inda ake yaye masu iyon yaƙi. Daga cikinsu ake samun dakarun Commando Hubert, rukunin da ya rasa sojoji biyu a watan Mayun 2019 a arewacin Burkina Faso, yayin kuɓutar da mutanen da aka yi garkuwa da su.

Yadda ake shiri, da haɗarinsa

Masu horarwa kan fara da gyara kwanciyar jiki da numfashi, sannan a ƙara nisa sannu a hankali, sauri ya zo daga baya. Babban haɗari shi ne suma a cikin ruwa. Idan mutum ya yi ta shaƙa da fesar da iska da sauri kafin nutso, jiki ba ya jin buƙatar numfashi a kan lokaci, sai iskar oksijin ta ƙare ya suma ba tare da wata alama ba. Ko a Koronado, inda malamai ke tsaye a kai, ɗalibi ya rasu a kududdufin horo a 2016. Shi ya sa ƙa'idar ba ta canzawa: ba a riƙe numfashi ko ɗaure hannu a ruwa sai da ƙwararren mai ceto a kusa, ko a kududdufi, ko a kogi, ko a tafki.