Wankin Tankin Mota da Asalin Daudar Mai a Ƙasar Birnin Gwari

Tsakure

Maƙalar ta duba al'adar wankin tankin mota a ƙasar Birnin Gwari, ta kafa hujja da halayen man fetur da tsarin injin zamani da abubuwan da suka faru a kasuwar mai daga 2021 zuwa 2024. Matsayinta shi ne mafi yawan ruwa da laka da tsatsar da kanikawa ke kwasowa daga gindin tanki tare da man suke shigowa, ta hanyar jarka da duro da rumbun gidan mai. Saboda haka wankin da ya tsaya a kan tanki kaɗai sauƙi ne na ɗan lokaci.

Gabatarwa

Garin Birnin Gwari yana kimanin kilomita 120 yamma da Kaduna, a kan babbar hanyar da ta bi ta Buruku da Udawa ta miƙe zuwa Tegina a Jihar Neja, wata hanyar kuma ta iso shi daga Funtuwa. Tsakanin waɗannan tituna akwai daji mai faɗi, har da gandun Kamuku da ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1999, da ƙauyukan noma irin su Gwaska, wanda sunansa ya cika jaridu a watan Mayun 2018 lokacin da 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 40 a cikinsa. A irin wannan ƙasa, mutuwar mota a tsakiyar hanya ta wuce batun ɓata lokaci. Direban da ya ɗebo buhunan masara daga ƙauye, motarsa ta fara tari tana fizga a kan hawa, ya san abin da yake tsoro ya fi kuɗin gyara. Abin da aka saba shi ne ya lallaɓa ta zuwa gareji, bakanike ya saurari inji ya ce tanki ya yi datti, a sauke shi a wanke. Sau da yawa gaskiya bakaniken ya faɗa. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce daga ina dattin ya fito, domin amsarta ce ke nuna ko wankin zai ɗore.

Asalin daudar

Bayanin da ya fi yawo a bakin masu mota shi ne tanki gumi yake yi: iska mai laima ta shiga, sanyin asuba ya mayar da ita raɓa, raɓar ta taru a ƙasa tun da ruwa ya fi fetur nauyi. Hakan yana faruwa, amma lissafi kaɗan ya isa ya nuna iyakarsa. Iskar da ta ƙoshi da laima a zafin digiri 30 tana ɗauke da ruwa kimanin giram 30 a cikin kowace lita 1,000. Idan tanki mai cin lita 55 yana da lita 5 na mai kacal, iskar da ta cika sauran lita 50 ba ta ɗauke da abin da ya wuce giram ɗaya da rabi, wato ƙasa da rabin ƙaramin cokali, kuma ba dukansa ne zai sauka ba. Kafin a tara kofi ɗaya mai cin giram 200, sai iskar tankin ta sauya ɗungurungum fiye da sau 130, kowane karo kuma ta zubar da duk ruwan da ke cikinta. Tankunan motocin da ke da nozul a rufe suke, ta wani ɗan gwangwanin gawayi suke shaƙar iska, don haka sauyin nan ba ya yawa. Duk tankin da aka sauke aka tarar da kofi biyu ko uku na ruwa a gindinsa, mafi kusa da gaskiya shi ne an ɗura masa ruwan ne tare da mai, ko kuma murfinsa ya lalace ruwan sama da na wanki suna kutsawa.

Tsatsa ta fi ruwa bayyana al'amarin. Golf 3, wadda har yau take cikin motocin haya da suka fi yawa a tashoshin Arewa, tankin roba gare ta, kuma roba ba ta tsatsa. Jan garin ƙarfen da ake samu a gindin irin wannan tanki, akasarinsa baƙo ne, ya taso daga tsohon duro ko tankar dako ko rumbun ƙarƙashin ƙasa na gidan mai. Tsofaffin motoci masu tankin ƙarfe, irin su Peugeot 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, da baburan da suka cika ƙauyuka, su ne tsatsarsu ke iya zama ta gida, amma ko a nan ruwan da ya kwanta a ƙasa shi ke fara cin ƙarfen. Yashi da ƙura kuwa ba su da wata hanya sai ta bakin tanki.

Idan aka bi sawun litar fetur daga teku zuwa Gwaska, za a ga yawan hannun da take bi. Matatar Kaduna, da aka buɗe a 1980, ta yi shekaru ba ta tace komai, saboda haka man yankin a bayan tanka yake zuwa daga Kudu, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Ya sauka a rumbun gidan mai a gari, inda ruwan damina ke iya tsiyaya ta murfi ko ta tsagar da tsufa ya haifar. Daga nan ɗan bumburutu ya ɗiba a jarkar lita 25, wadda galibi ta man girki ce aka ɗauraye, a ɗaura ta bayan babur a bi hanyar burji da ita, a juye a galan ko kwalba, a girke a bakin hanya rana tana dukanta, sannan a zuba wa mai saye ta mazurarin da ya wuni a buɗe cikin ƙurar hunturu. Kowane juyi ƙofa ce ta datti. Zafin rana kuma yana korar ɓangaren man da ya fi saurin kamawa, ya gaggauta haɗuwarsa da iska har ya fara fitar da wani danƙo mai kama da ƙaro, wanda ke manne wa allurar kafireto da bakin nozul. Rashin tsaro ya tsawaita wannan sarƙa. A daminar 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta hana sayar da fetur a jarka a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi maƙwabta domin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai, kuma dalilinta na tsaro a fili yake. Sai dai manomin da ke nesa da gidan mai bai daina buƙatar man babur da na injin ban ruwa ba, kuma man da ake ɓoyewa ya fi daɗewa a ajiye, a cikin mazubin da ya samu, ba wanda ya dace ba.

Za a iya cewa wannan bayani ya ɗora laifi a kan ƙaramin ɗan kasuwa ya bar manya, alhali man ƙasar ma tun daga tushe ba shi da kyau. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Rahoton ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan na 2016 ya nuna yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa wa Afirka ta Yamma mai mai yawan farar wuta wanda ba za a yarda a sayar a ƙasashensu ba. A watan Fabrairun 2022 kuma hukumar kula da harkar man fetur ta NMDPRA ta sanar da cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, kamfanin NNPC ya ce daga Antwerp ta Beljiyam aka yi lodinsa, aka janye shi, layin mai ya dawo. Metanol yana jawo ruwa, idan ya ƙoshi sai su rabu da fetur su kwanta a ƙasa tare, yana kuma cin roba da gorar ruwa. To amma farar wuta narkakkiya ce a cikin man, ba ta taruwa a gindin tanki, illarta a hayaƙi da man inji da salansa take. Na metanol kuwa lamari ne da ya zo ya wuce. Lakar da bakanike ke gani a kwano duk shekara, rani da damina, ba daga Antwerp ta zo ba.

Abin da wankin ya kamata ya ƙunsa

Injin mai kafireto yana da haƙuri: idan datti ya toshe shi, a kwance a hura a mayar. Injin mai nozul ba haka yake ba. Famfonsa na lantarki a cikin tanki yake zaune, yana tsotsa ta wata 'yar rariya, ya tura man da ƙarfin da ya kai ninki uku na nauyin iska, ya bi ta matata, ya fita ta ƙofofin da ba su fi kaurin 'yan silin gashi ba. A motocin gas, wato dizal, na zamani matsin ya kan kai ninki 2,000, shi ya sa ɗan ruwa kaɗan ke kashe famfon da kuɗinsa ya isa sayen babur, ga kuma ƙwayoyin halitta da ke tsiro a mahaɗar ruwa da gas su zama baƙar majina. Ma'anar wannan ita ce duk lokacin da alamar datti ta kai ga direba, dattin ya riga ya wuce tanki. Wanda ya sauke tanki ya girgiza shi da fetur, ya mayar da tsohuwar rariya da tsohuwar matata, ya share ɗaki ne ya bar shara a bakin ƙofa. Mafi muni shi ne wanki da Omo da ruwa a mayar da tankin da danshinsa, don a nan gyaran da kansa ya zuba abin da aka zo cirewa.

Aikin da ya amsa sunansa da gwaji yake farawa. A ɗebi mai daga can ƙasa a zuba a kwalba mai haske, a bar ta ta natsu. Ruwa zai kwanta da layinsa, laka ta fito, man da ya tsufa kuma launinsa da warinsa za su tona shi. In kwalba ta fito fes, babu dalilin sauke tanki, a nemi cutar a fulogi ko famfo ko waya. In ta nuna datti, a cire kan batir, a sauke matsin bututu, a tsiyaye man, a sauke tankin a ciro famfo, a goge cikin har lungunan da hannu ke kaiwa, a bar shi ya bushe ƙarau. Sannan a canza rariya da matata, a hure bututai da iska, a gwada feshin kowace nozul, a duba robar murfi. Tankin ƙarfen da tsatsa ta riga ta ci cikinsa zai ci gaba da zubar da gari komai wanki, canza shi ya fi araha a ƙarshe. Akwai kuma haɗarin da sabo ya sa ake rainawa: tururin fetur yana kama wuta idan ya kai tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin 100 na iska, kuma tankin da aka juye ya fi cikakke saurin faɗawa wannan mizani, don haka kai shi wurin mai walda ba a kore tururin ba wasa da rai ne. Tsotsar tiyo da baki ma haka, ɗigon fetur a huhu yana ƙona shi, sinadarin benzin da ke ciki kuma sananne ne wajen haddasa kansar jini.

Masu sayar da magungunan kwalba da ake zubawa a tanki za su ce duk wannan wahala ce, nasu ya wadatar. Nagarin cikinsu yana narkar da danƙon nozul, wannan ba a musu, amma babu ruwan maganin da ke narkar da yashi ko garin ƙarfe, kuma a tanki mai kauri da laka yana iya tayar da abin da ke kwance ya aika shi ga matata a lokaci guda. Wasu kuma za su ce tun da masu ƙera mota ba su sa wankin tanki a jadawalin sabis ba, al'adar duka hanyar cin kuɗin kanikawa ce. Jadawalin nan an tsara shi ne don motar da ke shan mai daga famfo mai matata, ba daga galan ba. Abin da ya dace a ɗauka daga gare shi shi ne kada a wanke sai da shaida, a kuma riƙa canza matata tun kafin nisan da littafin motar ya faɗa.

Suka mafi nauyi ita ce ta kuɗi. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Direba ya koma sayen man zuwa da dawowa kawai, allurar awon mai kullum tana ja, famfon da man ke sanyaya shi yana aiki cikin zafi, ɗan ruwan da ke ƙasa kuma yana gauraya da ɗan man da ya rage a kowane gargada. Tsadar ce kuma ke sa a mayar da man da aka tsiyaye cikin tankin da aka gama wankewa, don ba mai iya kallon lita goma ta tafi a banza. Amma wannan sukar tana ƙarfafa matsayin maƙalar ne. Mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi buƙatar tsaftar da ba ta cin kuɗi: mazurari mai lallausar raga da ake ajiyewa a leda, jarkar da aka ware wa fetur kaɗai, barin mai ya kwana a rufe kafin a juye, da ƙin zuba kofin ƙarshe na gindin jarka, wanda za a iya wanke kayan gyara da shi. Man da aka tsiyaye ma ana iya barinsa ya natsu a tace samansa. Gidan mai kuwa yana da man shafawar da ake gogawa a sandar awo, wanda ke sauya launi idan ya taɓa ruwa, kuma bincika ko ana amfani da shi aikin NMDPRA ne tun da dokar man fetur ta 2021 ta kafa ta. Tun da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, zirga-zirga ta ƙaru a hanyar, kuma ƙungiyoyin direbobi da na kanikawa na tashar garin su ne mafi kusa da za su iya mayar da gwajin kwalba sharaɗi kafin a kwance ƙusar tanki ko ɗaya.