Kiwon tsutsar manyan ƙwari a Japan

A Japan, yara da manya kan yi kiwon wasu manyan ƙwari a cikin gidajensu, kamar yadda ake kiwon tantabara ko zomo a wasu ƙasashe.

Wanda ya fi farin jini shi ne ƙwaron da suke kira kabutomushi, wato ƙwaro mai kwalkwali, saboda ƙahon namijin ya yi kama da hular yaƙin mayaƙan Japan na dauri.

Sai dai kuma babban aikin yana kan tsutsar ne, wadda fara ce mai kauri, kamar gwazarmar da ake gani a juji.

Rayuwar tsutsar

Macen kan yi ƙwai cikin ruɓaɓɓen ganye wajen watan Agusta, su ƙyanƙyashe cikin kusan mako biyu.

Tsutsar kan yi saɓa sau biyu tana girma, ta shafe lokacin sanyi a ƙarƙashin ƙasa. Wajen watan Mayu ko Yuni sai ta gina wani ɗan ɗaki, ta kwanta a ciki har ta rikiɗe ta zama ƙwaro.

Bayan ya fito, ƙwaron ba ya wuce wata ɗaya zuwa uku a raye, kuma ba ya ƙara girma. Don haka abin da tsutsar ta ci shi ne ke yanke girman jikinsa da tsawon ƙahonsa.

Abinci da kulawa

Abincinta dai shi ne ruɓaɓɓen ganye da garin katakon da aka bari ya ruɓe, kuma a cikinsa take zama. Ana sayar da shi a kantuna cikin buhuna.

Masu kiwon kan gwada laimarsa da hannu: idan aka dunƙula ya haɗe ba tare da ruwa ya ɗiga ba, to ya yi daidai. Bushewa na kashe tsutsar, haka ma yawan ruwa da ƙasar da aka zuba wa maganin ƙwari.

Idan kashinta ya yawaita a sama, alama ce abinci ya ƙare, sai a sake sabo. Amma da zarar ta fara gina ɗakinta ba a taɓa mazubin, domin rushewar ɗakin kan sa ƙwaron ya fito da nakasa ko ya mutu.

Shi kuwa babban ƙwaron ana ba shi ayaba ko tuffa, ko wani abinci mai zaƙi da ake yi musamman dominsa.

Kasuwa da haɗarinta

A shekarar 1999 Japan ta sassauta dokar shigo da ƙwari daga waje, lamarin da ya buɗe kasuwar nau'o'i irin su Hercules na Tsakiya da Kudancin Amurka. Tsawon namijinsa kan kai santimita 17, tsutsarsa kuma kan haura giram 100, tana kuma shafe fiye da shekara guda kafin ta rikiɗe.

Wasan Mushiking da kamfanin Sega ya fitar a 2003 ya ƙara wa yara sha'awar abin.

To amma masana sun yi gargaɗin cewa baƙin ƙwarin da suka tsere, ko aka yar, kan iya yin barbara da na gida ko su kawo musu cututtuka.

A ƙasashen da ake kamo su ma an ga illa. A 2010 aka sanya ƙwaron Satanas na Bolibiya cikin jerin halittun da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe.

Shi ya sa ake jan kunnen masu kiwo da kada su saki ƙwaron da suka saya a daji.