Kaurin ɗanyen mai a ƙarƙashin ƙasa: daga Faransa da Amurka zuwa Agadem

Kowa ya san matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut, wadda ta fara aiki a watan Nuwamba 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana. Ɗanyen man daga Agadem yake zuwa, a jihar Diffa, ta bututu mai tsawon kilomita 462. To amma tun kafin a shimfiɗa bututu, akwai tambayar da injiniyoyi ke fara amsawa: yaya kaurin man yake can cikin ƙasa?

Mu ɗauki man shanu. Da hunturu ya daskare, da bazara ya narke. Ɗanyen mai ma haka yake. Duk kilomita guda da aka nutsa, zafi kan ƙaru da kamar digiri 25 zuwa 30, sai man ya tsinke. Kuma a can akwai gas narke a cikinsa, kamar na lemun kwalba da ba a buɗe ba, shi ma yana rage masa kauri. In aka yi ta ɗiba har matsin ya faɗi, gas ɗin sai ya fice, man ya yi kauri, ya maƙale cikin ƙofofin dutse.

Sanin wannan ba rana ɗaya ya samu ba. A 1856 wani injiniya Bafaranshe, Henry Darcy, ya auna yadda ruwa ke ratsa rairayi a birnin Dijon. Daga baya masana suka faɗaɗa lissafinsa ya shafi mai: in kauri ya ninka biyu, gudu ya ragu da rabi. Sai dai ɗauko mai daga ƙasa da zafinsa da gas ɗinsa don a auna yana da tsada. Shi ya sa a Amurka aka koma kintace. A 1946 Beal ya fitar da hanyar gane kauri daga nauyin mai da zafinsa. Chew da Connally suka ƙara lissafin gas a 1959, sannan Beggs da Robinson suka kawo tasu a 1975. Har gobe ana amfani da su cikin kwamfuta.

A ƙasarmu, kamfanoni irin su Texaco da Esso sun nemi mai a gabas tun shekarun 1970, amma ba a fara ɗiba ba sai bayan yarjejeniyar 2008 da kamfanin CNPC na Sin. Yanzu ga bututun Benin mai kusan kilomita 2,000, wanda jirgin ruwa ya fara lodin mansa a 2024.

Ina ruwanmu da wannan lissafi? Da shi ake ƙiyasta rijiya nawa za a haƙa, ganga nawa za su fito, da nawa za su rage a ƙasa har abada. Waɗannan hanyoyin kintace kuwa da man wasu ƙasashe aka gina su, ba da namu ba, dole sai an gwada su da samfurin Agadem. Wanda ya riƙe awo shi ya san abin da ke cikin buhu. Don haka muke kira ga yaranmu masu son lissafi da kimiyya a jami'o'in Damagaram, Maraɗi da Yamai: ku riƙe wannan fanni da kyau, ƙasa na bukatar masu auna mata dukiyarta. Allah ya sa albarka.